Yaro ɗan shekara 13 da wayar hannu: me ake kullewa, kuma ta yaya?

Ummu Safiyya:
Assalamu alaikum. Iyaye da yawa hankalinsu a tashe yake kan abin da yara ke kwasowa a waya: bidiyon batsa, cacar intanet, da baƙin da ke bin su ta saƙon sirri. Hana wayar ɗungurungum ba ya yiwuwa, tunda har aikin makaranta da ita ake yi. To a aikace daga ina ake farawa?

Abu Ammar:
Wa alaikumus salam Hajiya. A fara duba ranar haihuwar da yaron ya rubuta lokacin buɗe asusu, domin kusan duk kariyar da manhajojin nan suka tanada da ita take aiki. TikTok ta rufe saƙon sirri ga 'yan ƙasa da 16, kuma tun 2023 ta sanya wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 a rana. Instagram ma a 2024 ta fito da asusun matasa, wanda sai mabiyan da aka amince da su ke ganin abin da yaro ya saka, sanarwa kuma tana yin shiru daga 10 na dare zuwa 7 na safe. Amma in ya rubuta an haife shi a 1998, manhajar babban mutum take ɗaukarsa, duk wannan ya tashi a banza.

Bayan an gyara, a Android a sa Family Link, a iPhone kuma Screen Time, wato tsarin da iyaye ke kula da wayar yaro da shi. Muhimmin abu shi ne kada a iya sauke sabuwar manhaja sai da izininki. Lambar sirrin kuma kada ta zama shekarar haihuwar wani a gidan, ita yara ke fara gwadawa.

Injiniya Bashir:
Ƙari a kan wannan: a Android a shiga saituna, a nemo Private DNS, a rubuta family.cloudflare-dns.com. Zai toshe yawancin shafukan batsa a kan data da wayfai duka. Sai dai ba ya ganin abin da ke cikin WhatsApp ko Telegram, kuma VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ta wata ɓoyayyiyar hanya, na iya tsallake shi. In kin ga VPN a wayar yaro ba ke kika sa ba, to akwai abin tambaya.

Malama Hadiza:
Yaya, abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu yaudarar yara maza da sunan budurwa, su karɓi hoton tsiraici, sannan su ce a turo kuɗi ko su watsa. Yaro kan ɓoye saboda tsoron duka da ƙwace waya, nan kuwa suke samun galaba a kansa. A gaya masa tun kafin abin ya faru cewa in ya kawo maganar ba za a hukunta shi ba. In ya faru, kada a biya ko sisi, don biya ƙara musu ƙarfi yake. A ɗauki hoton hirar da sunan asusun kafin a toshe shi, a kai rahoto ga manhajar da hukuma. Akwai kuma shafin intanet na Take It Down, kyauta ne, yana taimakawa wajen cire irin hotunan nan na 'yan ƙasa da 18.

Wayar kuma ta riƙa kwana a wajen ɗakin barci, cajar ma a can. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma irin hirarrakin nan ana iya yin su da tsakar dare, lokacin da kowa ya yi barci.