Yaya aka tabbatar da lamba mai alƙaluma miliyan 41 ba ta rabuwa?

Ɗalibi_Samaru: Assalamu alaikum. Ina ajin farko a sashen lissafi na ABU. An ce lamba marar rabuwa (wadda ba mai raba ta cif sai 1 da ita kanta) mafi girma da aka sani ita ce 2^136,279,841 − 1, wadda Luke Durant ya gano a Oktoban 2024. Malamai, raba ta aka yi da lambobi ɗaya bayan ɗaya?

Malam Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ina! Wannan rabawa ba za ta ƙare ba. Irin waɗannan, wato 2^p − 1 (a jera 2 guda p a ninka su, a cire 1), lambobin Mersenne ake ce musu, kuma suna da gwajinsu na musamman, Lucas-Lehmer. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta, ka cire 2, ka raba da lambar da kake gwadawa, ka riƙe ragowar kawai. Ka maimaita sau p − 2. In ka ƙare da sifili, ba ta rabuwa.

Gwada da p = 7, wato 2^7 − 1 = 127. Za ka samu 14, sai 67, sai 42, sai 111. Na biyar 12,319 ne, wanda shi ne 127 sau 97 cif, ragowa sifili. Inda ɗalibai ke tuntuɓe: ƙin ɗaukar ragowa a kowane mataki. Lambar takan kumbura ta fi ƙarfin kwakuleta, ta yanke alƙaluman ƙarshe, amsa ta lalace.

Hajiya Kongo: Ƙari kan bayanin Malam. Dole p ta zama marar rabuwa, amma hakan bai isa ba. 11 ba ta rabuwa, alhali 2^11 − 1, wato 2,047, ita ce 23 sau 89. Ka lura, 23 ita ce 22 da ɗaya, 89 kuma 88 da ɗaya. Duk mai raba lambar Mersenne haka take, ninkin 2p da ɗaya a kai. Shi ya sa ake fara tankaɗe da waɗannan kafin a shiga dogon gwaji.

Injiniya Sabon Gari: Ƙanena, in za ka ƙirga alƙalumanta, ka ninka p da log 2, ka zubar da ɓurɓushin bayan ɗigo, ka ƙara ɗaya. Amma kada ka yi amfani da 0.30103 na littafin makaranta, zai ba ka 41,024,321, ka zarce da ɗaya. Sa 0.30102999566, sai 41,024,320 ta fito.

In kuma kana sha'awar shiga aikin GIMPS, wato haɗin gwiwar masu neman lambobin Mersenne marasa rabuwa ta intanet, manhajarsu Prime95 kyauta ce, tana ajiye inda ta tsaya, don haka ɗauke wuta ba zai mai da kai farko ba. Zafi ne abin tsoro. Kwamfuta ta yi makonni tana aiki ba hutu a Afrilun Zariya, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, a gwajin Lucas-Lehmer kuskure ɗaya a mataki ɗaya ya isa ya ɓata sauran matakan duka. Ka busa ƙurar tukuna.