Tumatir ya fara tsagewa: in tsinke ko in bari?

Maman Yara: Salamu alaikum 'yan uwa. Tumatir nake da shi a bokiti shida, wasu sun fara ja, yawanci kuma kore shar. Yanayin nan na ƙarshen zafi ya ƙi tsayawa wuri guda: rana ta ƙwalle kwana uku, sai ruwa ya kece da dare. Yau na ga huɗu sun tsage ta wajen hanci. In tsinke duka ne, ko in bar su su nuna a jiki? So nake in busar da su a obin.

Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Daga ruwa ne. Ƙasa ta bushe, sai ta sha da yawa a lokaci guda, cikin tumatirin ya kumbura ya fi ƙarfin fatarsa. Duk wanda ya fara sauya launi, komai ƙanƙantarsa, ki tsinke kafin ruwan gaba, zai ƙarasa nuna a ɗaki. Koren ki bar shi. Ban ruwa kullum da safe, daidai gwargwado, sannan ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu uku.

Dattijo: A zuba ɓawon ƙwai, magana ta ƙare.

Mai Lambu: Baba, ciwon da ake zuba wa ɓawon ƙwai daban ne, shi gindin tumatir ke yin baƙi ya lotsa. Ko shi ɗin ma, ɓawon ƙwai sai ya yi watanni a ƙasa kafin ya narke.

Uwargida: Kuna ta zancen tsagewa, ku ce ta juya ganyen ta duba. In akwai tabo ruwan ƙasa a sama, a ƙarƙashi kuma fari-fari kamar gari, to cutar danshi ce, kuma ba ta jira. Daga ganye ta kama kara, daga kara ta shiga 'ya'yan, cikin mako guda wahalar wata uku ta koma ruɓa. Har waɗanda aka tsinke suna kyau sai su yi baƙi a faranti. A cire ganyen da ya kamu, a ƙulle a leda a zubar, kar a sa a taki. A raba bokitan iska ta ratsa, kar ruwan ban ya taɓa ganye.

Maman Yara: Yaya, ganyen lafiya lau yake.

Uwargida: Yau ne lafiya lau.

Ɗan Auta: Ni dai in an busar a tuna da marayu.

Mai Gashi: Busarwa: ki raba biyu, ki kwashe ƙwayar, ɗan gishiri, ki jera fuskar yankan tana kallon sama. Digiri 100, awa huɗu zuwa biyar, ki saƙala cokalin katako a ƙofa tururi ya riƙa fita. Waɗanda suka tsage ki dafa su yau, kar ki ajiye, nan fumfuna ke farawa.

Uwargida: Digiri 100 gashi ne, ba busarwa ba. Digiri 70, awa takwas, sai ya lanƙwasu kamar fata bai ɗigo ba.

Mai Gashi: Yaya, awa takwas ana ƙona wuta a wannan zafin? Kuma obin nawa ne ke sauka 70 da gaske? Lambar da ke jikin makunni sau da yawa ƙarya take, sai an sa ma'aunin zafi a ciki.

Dattijo: Ni da na riga ku fara shuka an ƙi jin tawa, yanzu ga ku nan kuna musu a kan wuta.

Maman Yara: To koren nan fa, in ruwa ya ƙi tsayawa?

Mai Lambu: Ki tsinke, ki sa a jakar takarda tare da ayaba nunanniya ɗaya, a inuwa. Ban da firji, sanyi na tsayar da nuna.

Amarya: Tunda an zo kan obin, burodi ma ya ƙi a kwanakin nan. Fulawa giram 500, yis giram 7, ruwa mil 320, amma kwaɓin na manne hannu, ya tashi kafin minti 40, a obin ya zube a tsakiya.

Mai Gashi: Ya wuce tashi. Rage yis zuwa giram 4, ki kwaɓa da ruwan sanyi, ki riƙe mil 20 sai kin ga hali. Danna da yatsa: in ramin ya ciko a hankali, sa a wuta, in ya tsaya yadda yake, kin makara.

Uwargida: Kuma kar ki sa shi a leda da ɗuminsa. Wa ke da dabarar kawar da warin danshi a kabad ɗin fulawa?