Dan Allah wa ya iya biryani a kan kurfoti?

Salamu alaikum iyayena da yayyena, taimako nake nema, abin nan ya kusa sa ni kuka. Yayata ce ta aiko mun da wani littafin girke-girke na kasashen duniya, akwai na Turkiyya, Maroko, Indiya har da Italiya, ni kuma idona ya fada kan biryani irin ta birnin Hyderabad na Indiya, na ce wannan ai kanwar jalof ce, me zai gagare ni.

To sau uku ke nan ina asarar shinkafa. Littafin ya ce a jika shinkafar basmati minti 30, a tafasa ta kada ta nuna duka, a shimfida ta kan naman da ya kwana cikin yogot da citta da tafarnuwa, sai a like bakin tukunya da kwababben fulawa a bar ta kan wuta kadan-kadan, wai turirin ne zai karasa ta. Ni a unguwar Aboabo ta Kumasi nake, gas ya kare, gawayi nake hurawa, kasan sai ya kone baki kirin sama kuma bai nuna ba. Jiya Maigida ya dandana ya ce wai ko tuwo na yi niyya, yara suna ta dariya.

Kirfa da kanumfari na samu a kasuwar Kejetia, safron kam kudinsa ba nawa ba ne, kurkum na zuba.

Shin garwashin ne ya yi yawa, ko tukunyata ce ba ta da kauri? In na dora garwashi kan murfi zai yi? Wadda ta taba gwadawa dan Allah ta fada mun, baki ne za su zo ran Asabar.