Danna "Na amince" ya halatta wa manhaja amfani da lambobin mutanen da ke wayata?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga masana doka. Watanni biyu da suka wuce na sauke wata manhajar bayar da rance, kuma kafin ta buɗe sai da ta nemi izinin shiga jerin lambobina da hotunana. Na danna amincewa ba tare da na karanta sharuɗɗan ba, domin a lokacin hankalina yana kan buƙatar da ta taso mini. Na makara da biya da kwana huɗu. A rana ta biyar yayata ta kira ni muryarta na rawa, ta ce an turo mata saƙo ɗauke da hotona da sunana, wai na gudu da kuɗin mutane. Saƙon ya je wa shugabana a wurin aiki, har da wata tsohuwar malamata da rabonmu da gaisawa an fi shekara. Na biya bashin, amma kunyar ba ta sake ni ba. Da na kai kuka wurin kamfanin manhajar, sai suka ce ai ni da hannuna na amince. Shin da gaske ne wannan dannawar ta raba ni da duk wani haƙƙi?

Ɗalibin Shari'a ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ba ki haƙuri, abin da aka yi miki zalunci ne, kuma amsar da suka ba ki ba ta da madogara. Dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai, wato GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta shimfiɗa ƙa'idojin da ƙasashe da yawa suka bi sahu, kamar Kenya a 2019 da Nijeriya a 2023. A waɗannan dokoki, amincewa ba ta inganta sai an bayar da ita da son rai, a kan manufa takamaimai, bayan an yi wa mutum bayanin abin da za a yi da bayanansa, kuma yana da ikon janye ta duk lokacin da ya ga dama. Bayanin da aka karɓa domin tantance ko kin cancanci rance ba a yarda a juya shi zuwa makamin tozarta ki ba.

Akwai kuma abin da mutane suka cika mantawa da shi. Lambar yayarki da ta malamarki bayanansu ne su, ba naki ba, saboda haka ko da kin danna amincewa sau goma ba ki da hurumin amincewa a madadinsu. Ki rubuta wa kamfanin takarda, ki nemi kwafin duk abin da suke riƙe da shi a kanki, da waɗanda suka ba wa, sannan ki buƙaci su goge. A ƙarƙashin GDPR wata guda aka ba kamfani ya amsa. In sun yi burus, sai ki kai ƙorafi hukumar kare bayanai ta ƙasarki. A Nijeriya ita ce NDPC.

Mai Gyaran Waya ya rubuta:

Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ni da nake riƙe wayoyin mutane kullum na fi damuwa da abin da za ki yi yau, domin doka tafiyar hawainiya take yi. Ki tuna badaƙalar Cambridge Analytica, wani kamfanin ba da shawara kan yaƙin neman zaɓe, da ta fallasa a 2018: mutum wajen 270,000 ne suka yi amfani da wata manhaja a Facebook, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan abokansu, har adadin ya kai kimanin miliyan 87. A 2019 hukumomin Amurka suka ci kamfanin Facebook tarar dala biliyan 5, amma tarar ba ta dawo da bayanin kowa ba.

Ki shiga saitin wayarki, ki buɗe sashen izinin manhajoji, ki janye na lambobi da hotuna da saƙonni, sannan ki cire manhajar. Ki sani cirewar ba ta goge abin da suka riga suka kwafa zuwa rumbunsu. Tun ranar 31 ga Mayu, 2023, Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobi da hotuna, don haka wadda ta nema ko dai ta karya ƙa'ida, ko kuma daga wani mahaɗi aka sauke ta. Ki sauya kalmar sirrin imel ɗinki, ki kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata lamba da za a turo miki kafin a shiga. Idan kuma kin tura musu hoton katin shaidarki, to duk wanda ya kira ki da sunan banki yana neman lambar sirrin da aka turo miki, ki kashe wayar.

Ɗalibin Shari'a ya sake rubutawa:

Ban musa ba, Malam, amma kada jinkirin doka ya sa ta haƙura. Hukuma ba ta bincike a kan abin da ba a kai mata ba, kuma shi kansa matakin na Google ya zo ne bayan koke ya yi yawa a ƙasashe irin su Indiya da Kenya. Kafin ki cire manhajar, Malama, ki ɗauki hoton sunanta da sharuɗɗanta, domin su ne hujjarki.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Na ɗauki hotunan, na kuma duba saitin kamar yadda kuka ce, sai ga wata manhajar tocila ma tana da izinin shiga lambobina da makirfo, na cire ta nan take. Yayata ba ta goge saƙon ba, yana nan da kwanan wata da lambar da ta turo shi, kuma ta ce a shirye take ta rubuta nata ƙorafin tunda ita ma an taɓa lambarta. Malam Ɗalibin Shari'a, mu haɗa takardar wuri guda ne, ko kowa ta aika tata daban?