Mai shan haloperidol ya sandare, ga zazzaɓi mai zafi: da me za a fara?

Sista Hauwa, Azare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan aka kawo majinyaci da ke kan haloperidol ko chlorpromazine (magungunan taɓin hankali), jiki ya sandare, zufa sharkaf, zafin jiki ya haura digiri 39, a wannan zafin Afrilu kowa maleriya ko sanƙarau zai ce. Yaya ake gane maganin ne, kuma me nas za ta yi kafin likita ya iso?

Malam Sani, Bauchi:
Wa alaikumus salam Sista. A yi gwajin maleriya, a duba sanƙarau, amma kada jiran sakamako ya hana dakatar da maganin, don abin tsoron shi ne NMS (neuroleptic malignant syndrome, mummunar illar irin waɗannan magunguna), yana kisa. Ki tambayi 'yan uwansa ko an fara maganin ko an ƙara shi cikin mako biyun nan. Ki lanƙwasa gwiwar hannunsa, za ki ji tauri tun daga farko har ƙarshe, ba wuya kaɗai ba. Bugun zuciya ya wuce 100, awon jini na hawa da sauka, hankali a ruɗe.

A tsayar har da metoclopramide da promethazine, magungunan amai, don su ma suna iya jawo NMS. A cire masa kaya, a jiƙa shi da ruwa a kunna fanka, a sa ƙanƙara cikin tsumma a hammata da matsematsi. Paracetamol ba ya wani tasiri, don daga tsoka zafin ke fitowa. A riƙa awon zafin jiki, bugun zuciya da jini kowane minti 15. Kada a ba shi komai ta baki idan haɗiya ta gagara, zai shaƙe.

Hajiya Asabe, Gombe:
Malam Sani ya yi daidai. Ƙoda na cikin haɗari. Tsoka na narkewa, fitsari ya koma kalar shayi. A ɗaura ruwan normal saline ta jijiya da wuri, a sa robar fitsari, a rubuta adadinsa kowace awa. Idan ya gaza 0.5ml a kowane kilo na nauyinsa cikin awa, a sanar da likita nan take. A ɗebi jinin CK (mai nuna narkewar tsoka) da potassium da creatinine (mai nuna aikin ƙoda). Diazepam, bromocriptine ko dantrolene, likita ne zai rubuta. Daga ƙaramin asibiti, a tura shi babban asibiti da ruwan a hannu. Wanda aka yi wa allurar Modecate (ta taɓin hankali, mai daɗewa a jiki) zai fi daɗewa bai warke ba, don ba a iya janye ta daga jiki.

Malam Sani:
Ƙari ɗaya, Sista: wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya fito, amma ba zazzaɓi kuma yana cikin hayyacinsa, wannan dystonia ce (murɗewar tsoka), maganin Artane da danginsa ke sakinta. A NMS kuwa kada a ba da Artane, yana hana zufa, zafin ya ƙaru.