Monotype a Hausa: ina goyon bayan "bugun tilo"

1. Jama'a, ga wata kalma ta masu zane-zane da nake so mu tsayar mata da suna: monotype. Tana yawan fitowa idan ana maganar masu fasahar zamani da ke sukar rayuwar saye-saye. Amma ba a raɗa suna ba a ga jariri ba, don haka mu fara da yadda ake yin abin.

2. Mai zane zai samu allo mai santsi, na tagulla ko gilashi ko roba. Ya yi zanensa a kai da tawada ko fenti, ko kuma ya shafe allon duka da baƙi, ya riƙa goge wuraren haske da tsumma ko ɗan yatsa. Tun tawadar ba ta bushe ba sai ya ɗora takarda ya danne, da inji ko da hannu. Yana ɗagawa, zanen ya koma jikin takarda. Ba a sassaƙa komai a allon ba, ba a karce shi ba, saboda haka babu abin da zai riƙe hoton a sake bugawa. Guda ɗaya ake samu. Shi ya sa a ƙasan takardar ake rubuta 1/1, inda a sauran ɗab'i za ka ga irin 7/50, wato na bakwai cikin hamsin.

3. Sana'ar ta daɗe. Giovanni Benedetto Castiglione, mutumin Genoa a Italiya, shi ake jingina wa ƙirƙirarta a shekarun 1640. Edgar Degas na Faransa ya rungume ta daga tsakiyar shekarun 1870, ya yi ɗaruruwa, har gidan adana zane na MoMA a New York ya yi baje kolinsu a 2016.

4. An ba ni shawarar mu ce "monotaif" mu huta, yadda muka yi da intanet da kwamfuta. Ban yarda ba. Intanet kowa na riƙe da ita a hannu, sunan ya samu abin jingina. Wannan kuwa mai karatu bai taɓa gani ba, sunan ne kaɗai zai nuna masa hanya. Ga kuma ruɗani: akwai injin jera haruffa mai suna Monotype, wanda Tolbert Lanston ya ƙirƙira a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, kuma tsofaffin ma'aikatan maɗaba'a shi za su fara tunawa.

5. "Hatimi" da "tambari" ma sun fita. Amfanin hatimi shi ne ya fito iri ɗaya kullum. "Zane ɗaya" kuma bai ce komai ba, ai kowane zanen hannu ɗaya ne.

6. Ga inda nake so mu ɗan daɗe. Ɗab'i tun asalinsa sana'ar yawaitawa ce: jarida, kalanda, takardar talla, kwalin sabulu, duk dubu-dubu ake fitar da su. Mai monotype yana ɗaukar kayan aikin nan na yawaitawa, tawada da allo da injin matsi, ya fitar da guda ɗaya tak ya tsaya. Sukar da yake wa duniyar saye-saye tana cikin wannan tsayawar, tun kafin a duba abin da ya zana.

Ku kwatanta masu zane biyu na Amurka. Andy Warhol a 1962 ya jera zanen gwangwanin miyar Campbell's har 32, daga baya ya koma bugu ta cikin ƙyalle mai raga, wanda ke ba shi damar maimaita hoto ba iyaka, ɗakin aikinsa ma Factory ya kira shi, wato masana'anta. Shi da maimaici ya nuna mana kasuwa. Jasper Johns kuwa a 1982 ya yi jerin monotype na gwangwanin garin kofi mai suna Savarin, wanda yake zuba burusan fentinsa a ciki. Gwangwanin kanti ne da aka ƙera irinsa bila adadin, amma a hannunsa babu biyun da suka fito iri ɗaya. Masu yi a yau wasunsu sukan danna leda, ko kwali, ko ragar da ake zuba lemo, a cikin tawadar, shara ta bar sawunta a takarda. Abin da aka yi don a yar, ga shi ya zama abin da ba shi da na biyu. Wannan yana taɓa ni ƙwarai, ganin yadda leda ta cika mana magudanai.

7. To sunan dole ya ɗauki abu biyu: cewa bugawa aka yi, da cewa ba shi da ɗan'uwa. "Bugu" muna da shi, muna cewa bugu na farko, bugu na biyu. "Tilo" kuma ya fi "ɗaya" nauyi, domin duk Bahaushe ya san yadda ake ji da ɗa tilo. Bugun tilo ke nan. Mai son ya ce "ɗab'in tilo" a rubutun ilimi ba zan ja da shi ba, musamman da yake bugu na iya kai hankalin Bakano wajen masu bugun shadda. Amma a baki "bugun tilo" ya fi sauƙi, kuma yana juyuwa: ta yi bugun tilo uku, shi mai bugun tilo ne.

Na san tilon nan ma kasuwa na sonsa, abin da ba shi da na biyu yakan yi tsada. Sunan bai ɓoye wannan ba, kuma hakan ya yi mini daidai.

8. Saura abu ɗaya. Bayan bugun farko ɗan tawada kan rage a allo, idan aka sake danna wata takardar sai hoto ya fito dishi-dishi. Turawa da sunan fatalwa suke kiransa, Degas kuma yakan bi ta kansa da allin launi. A Hausa fatalwa tsoro take kawowa, ni "inuwar bugu" nake gani. Malaman sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibansu, ku da ke riƙe da tawadar, me kuke kiransa a ɗakin aiki?