Neman shawara: in damƙa wa manhaja ɗaya duk kalmomin sirrina?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shafukan da nake shiga sun yi yawa, ga imel, ga banki, ga Facebook, ga na wurin aiki, kuma kowanne da irin kalmar sirrin da yake so. Kullum cikin mantuwa nake da neman a turo min sabuwa. An ce in sauke manhajar adana kalmomin sirri, ita za ta riƙa cike min. Fargabata biyu ce: in aka yi wa manhajar kutse, ba an kwashe komai lokaci guda ba? In kuma na manta babbar kalmar da ke buɗe ta fa? Don Allah masu sani ku taimaka wa 'yar'uwarku.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Fargabarki tana kan hanya, domin abin ya taɓa faruwa. A 2022 masu kutse sun shiga LastPass, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, suka kwafi ma'ajiyar mutane. Sai dai kalmomin sirrin da ke ciki a kulle suke, babbar kalmar mai ma'ajiyar ita ce kaɗai mabuɗinsu. Wanda tasa gajeriya ce mai saukin cinka, shi ne ya shiga haɗari sosai.

Ki lura da yadda abin yake aiki. Manhajoji irin su Bitwarden da 1Password suna kulle bayananki tun a cikin wayarki da wani tsarin kulle bayanai mai suna AES-256 kafin su tura zuwa rumbun kamfanin, kuma kamfanin bai san babbar kalmarki ba. Saboda haka duk ƙarfin yana wurinki. Ki haɗa kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, ban da sunan yaro, ban da ranar haihuwa, kuma kada ki yi amfani da ita a ko'ina.

Ni abin da ya fi tayar min da hankali shi ne halin da yawancinmu muke ciki yanzu, kalma ɗaya a shafi goma. Da zarar an fasa ƙaramin shafi guda, sai ɓarayin su ɗauki imel da kalmar su bi sauran shafuka suna gwadawa. Ki sa adireshin imel ɗinki a shafin Have I Been Pwned, za ki ga ko ya taɓa fitowa cikin bayanan da aka sace.

Amsa ta biyu:
Kan tambayarki ta biyu Hajiya, gaskiya in kin manta babbar kalmar, kamfanin ba zai iya dawo miki da ita ba. Ki rubuta ta a takarda ki adana inda kike ajiye muhimman takardunki. Ban da hoto a waya, ban da tura wa kai a WhatsApp.

Amsa ta uku:
Ni dai ban yarda kalmomina su zauna a rumbun wani ba. KeePassXC nake amfani da shi, fayil ne a kulle cikin kwamfutata. Wahalarsa, ni ke da alhakin ajiye kwafi, in na'urar ta lalace ba kwafi, an yi asara.

Amsa ta huɗu:
Malam, hanyarka mai kyau ce amma za ta yi wa mai farawa nauyi. Akwai kuma wani amfani da ba a ambata ba: manhajar tana duba adireshin shafi kafin ta cike. In 'yan damfara suka turo miki shafin bogi mai kama da na bankinki, ba za ta kawo kalmar ba. Kin ga ta yi shiru, ki tsaya ki duba adireshin da kyau.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To tsarin adana kalmomin sirri da ke cikin Chrome fa, ya wadatar?

Amsa ta farko:
Ya fi maimaita kalma ɗaya nesa ba kusa ba, haka ma na Apple ga masu iPhone. Amma asusunki na Google ne ƙofarsa, don haka ki kunna masa tabbatarwa mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga, ki kuma sa wa wayar makulli. In kina haɗa na'urori daban-daban, Bitwarden zai fi miki sauƙi. Duk wanda kika zaɓa, ki fara canza kalmar imel, tunda can ake turo saƙon sauya ta sauran shafuka, sai banki, ragowar ki bi su a hankali duk ranar da kika shiga.